Alasan Saura-Kaɗan da Bindigar Kawu

A Zongon Lome ana cewa wai ranar da Alasan ya gwada bindigar da ya fara ƙerawa, a bayan Agoe ya harba, amma zabon a Aflao ya faɗo, cikin ƙasar Gana, har ma'aikatan kan iyaka suka tsare gawar suna tambayar takardun shigowarta. Wasu suna ƙarawa da cewa ƙarar ta sa jiragen ruwa uku sun bar tasha a guje ba a sauke musu kaya ba. Akwai ma masu rantsuwa cewa wata tsohuwa mai koko, wadda ta shekara goma ba ta ji, kunnenta ya buɗe nan take, abin da ta fara ji kuwa shi ne surukarta tana zaginta.

To, duk ƙarya ce. Na san ƙarya ce domin ni na ƙaga ta, a teburin mai shayin bakin titi, wata safiya da ba ni da aikin yi. Jirgin ruwan ma ɗaya na ce, mutane suka ƙara biyu don kansu.

Gaskiyar magana, Alasan bai taɓa kashe ko ƙadangare ba. Ranar Babbar Sallah, da an kayar da rago sai ya tuna alwalarsa ta karye. Kazar gidansu, matarsa Kulsum sai ta aika da ita maƙwabta a yanko. Sauro ma in ya sauka a hannunsa, lallashinsa yake yi ya tashi. Amma wannan mutumin da kake ji, duk maharbin da ke tsakanin Lome da Atakpame ya san ƙofar gidansa, domin babu hannun da ya san bindiga kamar nasa.

Ni da shi taubasai ne. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, ni ɗan mace, shi ɗan namiji. Saboda haka tun muna rarrafe yake kirana bawansa, ni kuma ina gaya masa ban taɓa ganin ubangidan da bawansa ya fi shi kyau ba sai shi. Sunana Sabiru. Duk abin da zan faɗa a kansa ina da iko, in ya ji haushi ya kai ƙara wurin kakanninmu.

Aikinsa na cin abinci walda ne da gyaran ƙarfe, a wani gareji kusa da tashar jirgin ruwa, inda kamiyo, wato manyan motocin kaya masu zuwa Nijar da Burkina, suke tsayawa a duba su. Shekara talatin yana nan. Ba ya shan taba, ba ya kallon ƙwallo, ba ya zaman majalisa. Daga azahar ta Asabar zuwa la'asar ta Lahadi, in kana nemansa, zagaya bayan gidansa. Akwai wani ɗan ɗaki mai rufin kwano da Kulsum take kira ofis. Nan za ka same shi. Ya koyi abin ne wurin wani tsohon maƙeri ɗan Ewe a hanyar Tsevie, shekara shida yana zuwa yana hura masa wuta. Takardun izininsa kuwa suna cikin leda, ledar tana cikin gwangwani, gwangwanin yana cikin akwati. Ya fi sanin inda suke a kan takardun haihuwar 'ya'yansa.

Bindigar toka yake yi, irin ta tsofaffin maharba, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Masu bindigar Bature kuma sukan kawo masa kwanson harsashin da suka harba ya sake cika musu. Amma abin da ya fitar da sunansa awo ne. In ka zo, ba zai tambaye ka irin wadda kake so ba, cewa zai yi ka tuɓe riga. Sai ya ɗauko igiya, ya auna daga gwiwar hannunka zuwa yatsan da kake jan kunama da shi, ya ƙulla. Ya auna daga kafaɗa zuwa kunci, ya ƙulla. Ya sa ka nuna wata ƙusa a bango, ka rufe ido ɗaya, ka buɗe, ka rufe ɗayan, don ya gane wane ido ne babba a kanka. Da wannan igiya yake sassaƙa ƙota, wato itacen da ake dafawa a kafaɗa. Kowane maharbi da igiyarsa a rataye, da sunansa a jikin takarda. Ya ce bindigar da aka yi wa wani, a hannun wani sanda ce kawai mai ƙara.

Sai kuma mudu. Yakan yanka wa kowa ɗan ƙahon akuya, daidai albarushin da kafaɗarsa za ta iya ɗauka. Ƙato nasa babba, siriri nasa ƙarami. Ga kuma sirrin da ni kaɗai na sani, ni da duk wanda ya taɓa zama kusa da ni: in maharbi ya fara tsufa, Alasan yakan ce ya kawo mudun a goge masa, sai ya sa magagari ya ɗan rage bakin ƙahon bai gaya masa ba. Tsoho ya koma daji yana ta alfahari wai har yanzu bindiga ba ta girgiza shi.

Na ce masa, "Wannan ai ha'inci ne, ubangidan bogi."

Ya ce, "Kai bawa, ka taɓa ganin ƙashin wuyan tsoho ya karye?"

Na ce ban taɓa ba.

Ya ce, "Ni na gani. Rufe bakinka ka miƙo min man kaɗe."

Ubansa, Kawu Abdurrashid, shi ne maharbin gaske a danginmu. Daga wani ƙauye can arewa a bayan Mango ya taso yana saurayi, ya koro shanu da ƙafa har Lome, ya ga teku ya ce bari ya huta kwana biyu. Hutun ya kai shekara sittin. Ya yi dillancin shanu a kara, ya yi aure, ya haihu, ya binne matarsa a nan. Ya zo da bindigarsa, wadda ya kayar da ɓauna da ita. A bakina ɓaunar ta zama uku, shi kuwa har ya koma ga Allah ɗaya yake cewa. Ya naɗe ta da tsumma ya tura ƙarƙashin gado, da niyyar in ya samu sarari zai koma farautar gari, wadda ake yi a ƙauyensu kowace shekara bayan an kwashe amfanin gona. Mutumin tudu ne, bai san iskar teku tana bin ƙarfe har ƙarƙashin gado ba.

Ranar da ya bar aikin kara, yana da shekara sittin da shida, ya jawo ta ya kwance tsumman a gabanmu. Tsatsa ta gama da ita. Yana ɗagawa kunamar ta faɗo a tabarma, bututun kuwa kana hango haske ta gefensa. Kawu ya zauna yana goge jar ƙurar daga tafin hannunsa a jikin wando.

Alasan ya durƙusa ya ce, "Baba, bar ta. Zan ƙera maka wadda ta fi ta. Wata uku."

Kawu ya ce, "Wata uku?"

"Wata uku, in Allah ya yarda. Bana da kai za a yi farauta."

Ina wurin, da kunnena na ji.

Ka gane, Kawu ba nama yake nema ba, haƙoran ma sun fara sallama. Abin da yake so ɗaya ne, ya kuma sha faɗa. A ƙauyensu, safiyar farauta, maharba sukan jeru a bakin daji, a kira sunan kowa, shi kuma ya amsa da harbi guda. Kawu yana so ya tsaya a wannan layi da rigarsa, a kira Abdurrashid, ya amsa, 'ya'yan abokansa su san ruwa bai cinye shi ba. Kuma a wurinsu maharbi ba ya shiga layi da bindigar aro, sai tasa ta kansa. Wanda ya yi aro, mata ne za su sa shi a waƙar daka har jikokinsa.

Aka tuɓe wa Kawu riga aka auna shi. Ƙarfen bai ba Alasan wahala ba, cikin wata biyu ya gama, ya kai wurin tsohon maƙerin nan suka gwada, lafiya lau. Saura ƙota. Ya ce maɗaci zai sa, amma ba na kasuwa ba. Ya hau mota har Kpalime ya zaɓo itace, ya dawo ya ce ɗanye ne, sai ya shekara a inuwa. A lokacin 'yan arewa na Zongo masu sha'awar farauta sukan ɗauki hayar bas guda su tafi tare. Bas ta tashi babu Kawu. Ya ce ba komai, baɗi ma rana ce ta Allah.

Da shekara ta zagayo ƙota ta fito. Wallahi in ka ga ƙotar nan sai ka tambayi gidan iyayenta. Ya goge ta da man kaɗe har kana ganin haƙoranka a jiki. Aka kira Kawu ya dafa. Ya dafa, ya rufe ido ɗaya, ya yi wani murmushi da ban taɓa ganin irinsa a fuskarsa ba. Alasan ya zagaya shi sau biyu, ya sauko da igiya ya sake aunawa, sai fuskarsa ta ɓaci.

"Baba, ka ragu."

"Na ragu kamar yaya? Garin kwaki ne ni?"

"Hannunka ba ya miƙewa kamar bara. Ta yi maka tsawo da yatsa guda."

"To yanke yatsa guda mana."

"In na yanke, kunci ba zai zauna daidai ba. Sai sabuwa. Saura kaɗan, Baba."

A ranar na raɗa masa suna, ba rago ba goro. Kafin sati duk Zongo Alasan Saura-Kaɗan ake cewa, har patron ɗinsa, wato mai garejin.

Daga nan abin ya zama tsere tsakanin gizagon Alasan da tsufan Kawu, kuma tsufa ba ya zuwa aikin gareji Litinin zuwa Asabar. Ya gama ta biyu, ya tarar bayan tsoho ya ɗan ranƙwafa. Ya gama ta uku, ya tarar wuya ya daina juyawa sosai. Ana cikin ta huɗu idon dama ya yi yana, Alasan ya ce to yanzu idon hagu ne babba, sai a koma kafaɗar hagu, ya ajiye waccan ya sassaƙa ta hagu, shekara biyu. Yana shafa mata mai na ƙarshe aka kai Kawu asibiti a Tokoin aka cire yanar, ido ya dawo tar, har yana gane ni tun daga bakin masallaci. Kowa yana murna, Alasan yana tsaye a bakin gado yana cewa, "Alhamdu lillahi," da muryar wanda aka yi wa rasuwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki, a cikin shekarun nan bindiga goma sha ɗaya ya ƙera wa mutanen waje. Na ƙirga. Wani Bakotokoli ya zo da damina, kafin kaka ya tafi da tasa. Su in awo ya kauce da rabin yatsa, sai ya ce hannu zai saba. Ta ubansa ce kaɗai ba a yarda hannu ya saba ba.

Kulsum, Allah ya saka mata, ta yi iyakar ƙoƙarinta. Wata Lahadi ina ofis ta shigo da kwanon akume, tuwon masarar nan, ta dire.

Ta ce, "Malam, ka ba tsohon nan kayansa. Harbi ɗaya fa ya ce."

Ya ce, "Ɗayan ne ke karya ƙashi."

Ta ce, "To ka rage masa albarushin."

Ya ce, "Na rage."

Na ce, "Matarmu, kin ga mudun Kawu kuwa?" Na ɗauko na nuna mata. Kowace shekara yana bin bakinsa da magagari, har ƙahon ya koma kamar ɓawon gyaɗa. Na ce, "Wannan in an harba, kaza ma ba za ta ɗaga kai ba. Tusar jariri ta fi shi ƙara."

Kulsum ta rufe baki da gyale tana dariya. Alasan ya karɓe abinsa ya ce, "Ci abinci, bawa, abin da ka iya ke nan."

Ni a babban gida nake, ɗakina yana kallon na Kawu, layi uku tsakaninmu da gidan Alasan. Saboda haka abin da Alasan bai gani ba ni ina gani. Kowace shekara, saura sati biyu bas ta tashi, Kawu zai fito da rigar farautarsa, wata baƙar taguwa mai layu da ta girme ni, ya shanya a igiya, ya jawo kujera ya zauna kusa da ita yana korar awaki. Ba ya aika wa Alasan, ba ya tambaya. In ya ji taku a zaure sai ya ɗaga kai. Ranar da bas ta tashi, da hantsi, ya sauke rigar ya ninke ya mayar. Na ga wannan sau goma sha uku. Ni kuwa me nake yi? Ina kai baƙi ofis suna kallon ƙotocin da aka fasa, guda shida a jere a bango, kowace ta fi ta gabanta gajarta. Ina ce musu ga tarihin Kawu nan, daga zaki zuwa kyanwa, kallo kyauta.

Shekara ta goma sha huɗu, Kawu yana da tamanin, ranar wata Litinin da hantsi rigar tana shanye, ya kira ni.

"Sabiru, zo nan. Matso."

Na matsa na tsuguna.

Ya ce, "Na je gidan ɗan'uwanka jiya. Na leƙa. Ya ɗaura ta bakwai, tana jingine. Zane kawai yake mata."

Na ce, "Ai Kawu zanen ma sai ya auna inuwarka tukuna."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ni ba zan shiga ɗakin ɗana in ɗauki abu ba da saninsa ba, ba girmana ba ne. In na aiki wani, ɓarawo ne. Amma kai taubashinsa ne. Ko hular kansa ka cire ka tafi da ita, babu mai yi maka shari'a, shi ma ba shi da bakin magana. Haka muka gada. Ran Laraba yana gareji. Makullin yana ƙarƙashin turmi, Kulsum ba za ta hana ka ba. Naɗo ta a tabarma ka kawo min, da mudun, da takardar izini. Alhamis bas za ta tashi."

Na ce, "An gama, Kawu."

Ya kama hannuna. Hannun ba nauyi, kamar ka riƙe busasshen kara. Ya ce, "Bakin nan naka, Sabiru. Kwana biyu kawai nake roƙo."

Na ce, "Haba Kawu, kabari ne ni."

Na rantse, da niyyar yin shiru na tashi. Ranar Litinin ɗin ban gaya wa kowa ba. Talata da safe na je shan shayi. Teburin a cike, 'yan zemijan masu acaɓa, da direbobi biyu, da masu jiran motar kasuwar Adawlato, kowa ya yi shiru kamar gidan makoki. Wani ya ce, "Sabiru, yau babu labari?" Ni kuwa ga labari a bakina wanda ban taɓa samun irinsa ba, kuma ba ƙarya a ciki. Na ce a raina ɗan kaɗan zan taɓa, ba zan faɗi rana ba. Kafin in farga na miƙe tsaye, na ranƙwafa, na ɗauki muryar Kawu: "Naɗo ta a tabarma, Sabiru!" Na yi tafiyar ɓarawo da buhun burodi a hammata. Mai shayi ya yi dariya har ya zubar da madara. Wani ya ce in sake, na sake. Na ukun ma har da turmin na saka.

Ɗaya daga cikin direbobin nan kamiyonsa yana garejin su Alasan. Kafin azahar labari ya isa.

Da la'asar sai ga Alasan a babban gida da kayan aiki a jikinsa, baƙin mai har gwiwar hannu. Ya riga ya biya ta gidansa, ya sa sabon kwaɗo a ofis, ya cire kunamar bindigar ya jefa a aljihu. Ya durƙusa gaban Kawu ya gaishe shi, sannan ya ce, "Baba, sata za ka sa a yi min?"

Kawu ya ce, "Kayana na aika a ɗauko."

"Ba ta gamu ba. Tun watan jiya kafaɗarka ta ƙara sauka, na gani a masallaci. Za ta buge ka."

"Ta buge ni mana. Kafaɗar wa ce?"

"Baba, tafiyar kwana guda ce a mota. In wani abu ya same ka a can, me zan ce wa mutane? In ce bindigata ce?"

"Ka ce ubanka ya amsa sunansa."

Alasan ya sunkuyar da kai. Na ɗauka zai sa hannu a aljihu. Wallahi na ga hannun ya motsa. Sai ya ce, "Baɗi, Baba. Ni da kaina zan raka ka. Saura kaɗan."

Kawu ya juyo ya dube ni, ina tsaye a ƙofar ɗakina da buta a hannu kamar mai shirin alwala. Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Ya tashi a hankali, ya sauke rigar daga igiya tun ranar Talata, ya ninke, ya shiga ɗaki.

Labarin kuwa bai tsaya a teburin shayi ba. In Kawu ya fito masallaci, sa'o'insa na tsokanarsa, "Sarkin ɓarayi, ina tabarmar?" Da wasa suke yi, amma tsohon da ya shekara sittin a Zongo ba a taɓa jin kansa da kowa ba, sai ya daina zama a ƙofar gida. Da ruwan farko ya sauka ya kwanta, zazzaɓi na kwana biyar. Ranar Juma'a da hantsi ya cika, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Muka kai shi bayan an sauko daga masallaci.

Alasan bai yi kuka a gaban mutane ba. Bayan sadakar bakwai ya je ya gaya wa patron ba zai zo aiki ba, ya shiga ofis ya ja ƙofa. Kwana tara. Abin da shekara goma sha huɗu ba su gama ba, kwana tara suka gama. Ya mayar da kunama, ya ƙarasa zanen, ya goge. Ya bi igiyar ƙarshe da ya auna tsohon da ita, ƙulli da ƙulli. Bindiga ce da ban taɓa ganin mai kyanta ba, kuma wannan karon ban ƙara komai ba. Sai dai gajera ce, ƙotar ta ɗan karkata yadda wuyan Kawu ya karkata. Duk wanda ya dafa ta sai ya ranƙwafa kamar tsoho kafin idonsa ya hau daidai. Maharba uku sun nema, ya ce ba ta kowa ba ce.

Da bas ta dawo daga farautar da ta biyo baya, wani dattijo cikin matafiyan ya zo yi mana ta'aziyya. Shi ya gaya mana abin da ba mu sani ba. Ashe tun shekarar farko Kawu ya aika ƙauye cewa yana nan tafe, a sa shi a layi. Shekara goma sha huɗu ana kiran Abdurrashid a bakin daji, a yi shiru a jira, sannan a wuce na gaba. Bana da aka gaya musu, suka yi masa fatiha suka cire sunan. Alasan yana zaune yana ji. Ya ce, "Allah ya ba da lada," ya tashi ya fita ba takalmi, sai da Kulsum ta bi shi da su.

Yanzu ya canza tsari. In maharba biyu sun zo, wanda ya fi furfura shi ake fara yi wa, kuma ba ya auna mutum sau biyu. In ka dawo ka ce kamar ta yi tsawo, sai ya ce, "Tafi da ita haka." Itacen kasuwa ma yana sawa. Mutane suna cewa aikinsa ya ragu da kyau, shi kuwa ko a jikinsa. Sunan dai ya bi shi, har jikarsa Saura-Kaɗan take ce masa, tana tsammanin sunan yanka ne.

Ni ma na ɗan rage zuwa teburin shayi, na kusan sati uku. Amma taubashi taubashi ne, in na daina tsokanarsa mutane za su ce mun ɓata. Lahadin da ta wuce na zagaya ofis. Na same shi ya sauko da bindigar Kawu ya ɗora a cinya yana shafa mata mai, don iskar teku. Na jingina da ƙofa.

Na ce, "Saura-Kaɗan, sannu da aiki. To ga kaya sun gamu, ina mai kaya? Ko in nemo maka kamiyon da ke lodin lahira a aika masa? Ka dai auna shi tukuna, wataƙila ya ƙara raguwa."

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da shafa man har ya kai ƙarshen ƙotar, sannan ya ce, "Ni na hana shi don ina tsoron ta ji masa ciwo, kuma zan amsa wannan a gaban Allah, ba a gabanka ba. Kai fa? Shekara tamanin bai roƙi kowa komai ba sai kai, shirun kwana biyu. Ka kai shi teburin shayi. Sun yi dariyar sosai? Matsa min daga haske, bawa."